Farar Ƙasar Bututun Bariki

Wasiƙar ta zo ranar Talata. Kakana Murdoch ya karanta ta sau uku a tsaye, sannan ya miƙo mini.

"Karanta da ƙarfi, Lorne. Idona ya fara yi mini ƙarya."

Gajeriya ce. Hukumar gari tana so ta rushe Tsohon Bariki ta yi filin ajiye kwantena, don tashar jiragen ruwa ta cika ta batse. Abu ɗaya ne zai hana, shi ne a shigar da ginin cikin jerin gine-ginen tarihi. Wata Dakta Veinot za ta zo daga birnin Halifax ranar Litinin ta duba. Abin da ta rubuta shi kwamiti zai bi.

Kaka ya shekara talatin da ɗaya yana gadin barikin. A ɗakin masu gadi na bakin ƙofa yake kwana, ni kuma a ɗan ɗakin da ke bayansa, tun da mahaifiyata ta tafi yamma aiki. In an rushe, ni ba zan rasa wurin raɓawa ba, ina aiki a kamfanin kifi. Shi kuwa gidan tsofaffi za a kai shi. Ya taɓa zuwa can gaida wani abokinsa. Da ya dawo bai ci abinci ba.

"Sake karanta layin ƙasa," in ji shi.

"Za a duba yadda ginin ya ci gaba da zama a kamanninsa na asali."

"Asali." Ya gyara tsayuwa. "Wato ranar duba bariki ce. To, mun san wannan."

Kaka ya yi shekara ashirin da biyu a soja, ya fita yana Saja. A wurinsa in babba zai zo duba wuri, abu ɗaya ake yi: a goge komai har sai ya ɗauki ido. Ranar Laraba muka wanke daɓe. Muka goge tagulla ta jikin ƙofofi. Muka cire ciyawar da ta fito tsakanin duwatsun filin fareti, ɗaya bayan ɗaya, da wuƙar cin abinci. Ban yi magana ba. Ba na yawan yi.

Ranar Alhamis da safe ya fito da hoton.

Tsoho ne, baƙi da fari, babu kwanan wata a bayansa. Barikin ne daga kan tudu, babu mutum ko ɗaya. Kaka ya ɗora yatsa a kan babban bututun hayaƙi na ƙarshen ginin, wanda yake fuskantar teku.

"Me ka gani?"

"Bututu."

"Wane launi?"

"Duhu."

"Leƙa waje ka gaya mini launinsa yau."

Ba sai na leƙa ba. Fari ne tun da aka haife ni. Kowane ƙarshen Afrilu, kafin a buɗe kamun lobsta, ƙaton jatan landen nan na teku, masunta sukan zo da tsani da bokitai su shafe shi da farar ƙasa, sannan su zauna a tsakar gidan Kaka su ci ƙosan kifi su yi wa juna ƙarya.

"Asalinsa jan bulo ne kamar sauran ginin," in ji Kaka. "Ga shaida. Za mu kankare."

"Na masunta ne, Kaka."

"Na sojoji ne. Aro suka yi."

"Da shi suke shiga Maƙogwaro."

Maƙogwaro ita ce 'yar siririyar hanyar da ƙananan jirage ke bi su shigo gari, tsakanin duwatsu a dama da tudun yashi a hagu. Babu fitila, babu alama a cikin ruwa. Mutum yakan sa farin bututun daidai ƙarƙashin hasumiyar coci, ya riƙe su a haka har ya fita.

"Da can ne wannan," in ji Kaka. "Yanzu wane jirgi ne ba shi da na'urar nuna hanya? Ga shi ba a buɗe kamu ba, jiragen duk suna kan tudu. Kwana huɗu ne kacal. Matar ta zo, ta gani, ta rubuta, ta tafi. Ranar Talata ni da hannuna zan dama musu farar ƙasar."

"Inna Delphine fa?" na ce. Ita ce babba a cikin masunta, kuma tsohuwar abokiyar faɗansa.

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kada ka kuskura, abokina. In ta ji za ta zo da ƙugiya ta rataye ni a kwatar jirage kamar kifi."

Na aro injin feshin ruwa daga wurin aiki. Kwana biyu da rabi na yi a kan rufi, igiya a ƙuguna, Kaka yana ƙasa yana ba da umarnin da ƙarar inji ba ta bar ni na ji ba. Farar ƙasar ba ta so fita ba. Kaurinta ya kai yankan burodi. Inda ruwa ya kasa sai na sa ƙarfe na ɓamɓare. Wani gutsure ya faɗo a ƙafata, girman tafin hannu. Gefensa layi-layi ne, kamar gefen littafi. Na sa shi a aljihun riga. Ban san dalili ba. Ina yawan ɗaukar abubuwa.

Ranar Asabar da yamma bututun ya koma ja. Kaka ya ja da baya har bakin titi, ya riƙe hoton, ya dubi gini, ya dubi hoto.

"Yanzu ya zama bariki," ya ce.

Ni dai na ga kamar an yi wa tsoho aski da ƙarfi.

Ranar Lahadi Dakta Veinot ta kira. Ta ce tana so ta fara ganin barikin daga teku, yadda sojojin da aka kawo suka fara ganinsa. Ko akwai jirgin da zai ɗauke ta? Kaka ya ce akwai, har da murna. Jirgi ɗaya ne ke cikin ruwa a farkon Afrilu, can a ƙauyen masunta da ke bayan tsauni, inda ba a hango gari. Na Inna Delphine ne.

Ya kira ta ina zaune.

"Kyaftin, ina da babbar baƙuwa."

"Kofur, kana raye ashe." Muryarta har inda nake. Tun kafin a haife ni take kiransa Kofur, don ta san Saja ne.

"Saja."

"To Kofur. Ƙarfe nawa?"

Da ya ajiye wayar na ce, "Kaka, bututun."

"Tana da na'ura. Ina wurin ɗanta ya ɗaura mata." Ya miƙo mini jakar takardu da hoton a ciki. "Kai za ka raka su. Ni zan tsaya a kwata in tarbe ku. Ka tsefe kanka."

Litinin ta zo da gajimare da ɗan yayyafi. Na hau bas ta farko zuwa ƙauyen. Na tarar da su a kwata. Dakta Veinot gajeriya ce, da takalmin roba, da gilashin ƙara girma rataye a wuyanta. Inna Delphine shekararta saba'in da huɗu, hula ɗaya na san ta da ita.

"Ga Bebe nan," ta ce wa Dakta. "Jikan Kofur. In ya yi magana ki rubuta, shi ma tarihi ne."

"Ina kwana, Inna."

"Kin ji? Kin yi sa'a yau."

Muka tashi. Dakta ta zauna a kan kejin lobsta tana tambayoyi. Me ya sa ba za mu bi babbar hanya ba? Inna ta ce babbar hanya ta manyan jirage ce da waɗanda ba su iya tuƙi ba, awa guda ake yi. Maƙogwaro minti ashirin. Ruwa ya fara janyewa, amma za mu wuce kafin ya yi ƙasa.

Na shiga ɗan ɗakin tuƙi don in ga na'urar da idona. Tana nan inda ɗanta ya ɗaura. An rufe ta da tawul, an ɗora butar shayi a kai. Na ɗaga tawul ɗin. Fuskarta baƙa.

"Inna, na'urar."

"Ta mutu tun bara waccan. Ban je jana'iza ba."

Na tsaya riƙe da tawul. Na yi tunanin Kaka da ƙugiya. Na yi tunanin yadda zan fara. Ni mutum ne da sai na jera magana a ciki kafin ta fito, kuma jerawar tana ɗaukar lokaci. Kafin in gama mun zagaye tsauni, duwatsu sun bayyana a dama, ruwa ya kama gindin jirgin yana turawa.

"Inna, bututun ba fari ba ne yanzu."

"Me ka ce, Bebe?"

Ba sai na maimaita ba. Ta riga ta ɗaga kai. Hasumiyar coci tana nan inda take. A ƙarƙashinta babu komai sai ja: jan bariki, jajayen ɗakunan ajiya na tasha a bayansa, duk sun haɗe cikin yayyafi kamar bango ɗaya.

Ba ta zage ni ba. Ta rage inji. Babu wurin juyawa a Maƙogwaro, kuma ruwa ba ya jira. Ta dubi dama, inda kumfa ke tashi a kan duwatsu. Ta dubi hagu.

"Dakta, riƙe wani abu," ta ce. "Yashi ya fi dutse taushi."

Ta karkata sitiyari hagu da gangan. Jirgin ya ja ciki a kan yashi a hankali, ya yi ɗan nishi, ya tsaya. Butar shayi ta zame, na cafe ta. Inna ta kashe inji. Sai kukan tsuntsaye.

"Shekara hamsin da ɗaya," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ban taɓa zaunar da jirgi ba." Sannan ta juyo. "Wa ya yi?"

"Ni."

"Wa ya sa ka?"

Na dubi butar da ke hannuna.

"Ba ni wayarka."

Ta kira shi, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Kun kusa?" in ji Kaka. "Na sa kwat."

"Ɗauki madubin hangen nesanka, Kofur. Dubi Maƙogwaro."

Muna jin numfashinsa.

"Me kike yi a kan yashi, Delphine?"

"Shan iska nake. Na kawo baƙuwarka ta ga ƙaguwa. Kai, tsohon banza, ina bututuna?"

"Kina da na'ura."

"Ina da ido. Su ne ka ƙwaƙule."

"Kowa lafiya? Yaron nan fa?"

"Yaron ya fi ka hankali, ya cafe mini buta. Ruwa ba zai dawo ba sai bayan ƙarfe biyu. Je ka cire kwat kada ya yi datti."

Ta kashe. Dakta Veinot tana duban ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Da farko na zaci tsoro ne.

Ni ban ga abin dariya ba. Na zauna a bayan jirgi ina kallon ruwa yana guduwa ya bar mu a kan tudu, jirgin ya ɗan kwanta a gefe. Na ga gidan tsofaffi. Na ga Kaka a bakin taga da kofin roba. Mun kawo matar da za ta cece shi mun dasa ta a yashi awa biyar cikin yayyafi.

Inna ta kunna risho ta dafa shayi. Ta yanka burodi ta shafa zumar rake. Ta ba ni yanka biyu.

Dakta ta karɓi madubin hangen nesa na Inna, ta daɗe tana neman bututun kafin ta same shi.

"Da me ka kankare?"

"Injin feshin ruwa."

Ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Bulon da ya haura shekara ɗari da hamsin."

"Da ƙarfe kuma. Inda ya ƙi."

"Kada ka ƙara gaya mini komai." Ta sauke madubin. "Ka san farar ƙasar nan ce ta hana gishirin teku cinye shi? Sauran bututan uku ai duk an sake gina kawunansu, ina gani daga nan. Shi kaɗai ne bai taɓa faɗuwa ba."

"Wasiƙar ta ce asali."

"Haka ta ce," ta amsa. "Ba ni na rubuta ta ba."

Na buɗe jaka na ba ta hoton, don shi ne kawai abin da nake da shi na kare Kaka. Ta sa gilashinta a kai. Inna ta leƙo ta kafaɗarta da burodi a baki, ta yi tsaki.

"Wannan ai shekarun baƙi ne."

"Waɗanne shekarun baƙi?" in ji Dakta.

"Lokacin yaƙi. Dubi buhunan yashi a bakin ƙofa. Sojoji suka ce farin bututu zai nuna wa jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa hanya. Babana ya ce masunta suka ƙi barinsa haka nan, wai al'ada ba a tsallake ta. Sai aka daidaita: a shafa ɗin, amma a dama da garin gawayi. Shekara shida suna shafa baƙi. Jirage uku suka zauna a daidai nan inda muke." Ta haɗiye burodin. "Wato Kofur ya ɗauki hoton da bai kai shekarun yayata ba ya ce shi ne asali."

A nan na tuna da aljihuna. Na ciro gutsuren na ajiye a kan keji.

"Daga jikinsa ne."

Dakta ta ajiye kofinta. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta juya gefen zuwa haske, ta sa gilashi. Ta ciro fil daga jikin rigarta ta fara bin layukan da bakinsa, leɓɓanta suna motsi. Ruwa ya gama tafiya. Wani tsuntsu ya sauko yana tafiya a yashi kusa da mu kamar ya zo ganin waɗanda abin ya faɗa wa.

"Zo ka gani," ta ce mini.

Na sa ido a gilashin. Fari, fari, fari, sirara kamar gashi. Can wajen tsakiya, ɗan zare mai duhu. Da na kafe ido sai zaren ya rabu.

"Nawa?"

"Shida," na ce.

"Na gaya muku," in ji Inna.

Dakta ta ci gaba da ƙirga har ƙasa. Sau biyu ta ɓace ta koma farko. Ta ce sun haura ɗari da arba'in, ba za ta rantse da adadin ba sai ta kai shi ɗakin bincike. Sannan ta tambayi Inna wa ya fara shafe bututun.

"Sojoji, in dai gaskiya za a faɗa. Amma kada ki gaya wa Kofur na ce haka. Kakata ta ce kwalekwalen da ke kawo musu fulawa ne ya daki dutse, bariki ya yi mako biyu babu burodi. Babban nasu ya ce a shafe bututun. Ba don ran kowa ba ne, don burodi. Da aka kwashe sojojin sai namu suka ɗauka."

"Da me kuke damawa?"

"Farar ƙasa, gishiri, da ɗan kitse. Sai ta kwana a ganga tun lokacin kaka, in ba haka ba ba ta kamawa."

"Ina gangar take?"

"A ɗakin makamai. Kofur ne ke kula da ita, yana juya ta duk wata, yana hana ta daskarewa da hunturu. Abu ɗaya ke nan da ya iya."

Dakta ta fito da littafinta ta yi rubutu mai tsawo. Na jira ta gama. Na jera maganar a ciki, wannan karon ban bari ta daɗe ba.

"Mun ɓata ke nan?"

Ta rufe littafin a kan yatsanta.

"Kun ɓata abu mai yawa. Wannan gutsuren ne kawai ya rage?"

"Sauran suna cikin buhu a bayan gida. Kaka bai yarda a bar su a fili ba."

"Allah ya saka wa soja da tsafta." Ta dubi gari. "Bari in gaya maka gaskiya. Bariki irin naku na duba goma sha ɗaya a gaɓar nan. Duk jan bulo, duk hawa biyu, duk da tagulla mai ƙyalli. Da ta mota na zo, da na rubuta cewa gini ne mai kyau, amma akwai irinsa. Kwamiti ba ya hana rushe abin da ke da irinsa." Ta ɗaga gutsuren. "Ban taɓa ganin wanda har yau yake bakin aiki ba. Kun cire shi kwana biyu, jirgi ya zauna."

"Jirgina," in ji Inna. "Ki rubuta cewa da gangan na yi."

Bayan ƙarfe ɗaya ruwa ya fara dawowa, yana lasar yashi. Inna ta tsaya tana kallonsa, fuskarta ba daɗi. Akwai sauran tafiya a gaba kafin a fita Maƙogwaro, kuma babu alama. Ta ce sai dai ta kira jirgin tasha ya ja mu.

"Zan ji wannan har kabari," ta ce. "Delphine Pothier a ƙarshen igiya, kamar akuya."

Ta miƙo hannu in ba ta waya. Ina cirowa na ga wani abu a can, ƙarƙashin hasumiyar coci.

"Inna."

Fari ne. Ya sauko daga saman bututun, iska ta kaɗa shi, ya lafe. Wani ya biyo. Na ɗauki madubin. Zannuwan gado ne, irin na soja da ke jibge a ɗakin ajiya, an ƙulla su baki da baki. Kaka ne a kan rufi, ya fito ta ƙofar sama, yana zagaya bututun da igiya. Bai cire kwat ɗin ba. Shekararsa saba'in da takwas.

Na kira shi.

"Sauka, Kaka."

"Ana gani?" Yana haki.

"Ana gani. Sauka."

"Tambayi Kyaftin ko ya isa."

Inna ta karɓi wayar. Ta kafa wa farin ido.

"Kofur, farar tuta nake gani ko idona ne?"

"Alamar hanya ce."

"Dakta, ki zama shaida. Shekara talatin da ɗaya muna yaƙi. Yau rundunar soja ta miƙa wuya ga masunta."

"Ban miƙa komai ba. Zanin gado ne."

"Ƙara ɗaya a gefen hagu, sannan ka sauka a hankali. In ka faɗi wa zan zaga?"

Ƙarfe biyu da kwata jirgin ya motsa, ya miƙe, ya taso. Inna ta tayar da inji, ta ja baya zuwa cikin ruwa mai zurfi, ta sa zannuwan Kaka daidai ƙarƙashin hasumiya. Ta riƙe su a haka. Dakta ta tsaya kusa da ita, ta roƙi a bar ta ta leƙa ta inda Inna ke kallo. Duwatsu suka wuce mu a dama, kusa har ina ganin gansakukar jikinsu.

Kaka yana kwata. Lambobin yabonsa a ƙirji, gwiwoyin wandonsa sun yi ja da garin bulo. Ya ƙame ya sara wa Dakta, ya fara jawabin da ya kwana biyar yana haddacewa: shekarar da aka aza tushe, sunan rundunar farko, adadin gadaje.

"Saja Langille," ta katse shi, "duk wannan yana cikin littattafai. Ina so in ga gangar."

"Wace ganga?"

"Ta farar ƙasa. Da buhunan da ke bayan gida."

Ya dube ni. Ya dubi Inna. Ya dubi tagullar ƙofa da muka goge har hannunmu ya yi kanta.

"Ba za ki duba daɓen ba?"

"Zan taka shi a hanya."

Ta yi awa biyu a ɗakin makamai. Ta sa shi ya nuna mata yadda yake juya gangar da itacen tuƙin kwalekwale, ta tambaye shi abin da yake yi in sanyi ya yi tsanani. Da farko yana amsawa a taƙaice, kamar wanda aka rage wa girma. Daga baya sai da ta ce masa za ta makara. Da za ta tafi ta tambaye ni ko zan ba ta gutsuren. Na ce aro. Ta rubuta mini takarda ta sa hannu.

"Ba zan yi muku alkawari ba," ta ce a bakin motar haya. "Ni rubutu nake yi, wasu ke yanke hukunci. Amma ku rufe bulon nan kafin ruwan sama na gaba."

Washegari masunta goma sha huɗu suka zo da tsani, mako biyu kafin lokacinsu, don Inna ta bi su gida gida. Shafi uku muka yi. Kowanne da ya wuce Kaka sai ya ƙame ya sara masa ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce kun miƙa wuya." Kaka kuwa ya soya ƙosan kifi tire huɗu.

Wasiƙa ta biyu ta zo a watan Yuni, ita ma ranar Talata. Ya karanta sau uku a tsaye, ya miƙo mini.

An shigar da barikin. An sa sharuɗɗa biyu. A shafe bututun da farar ƙasa kowane Afrilu, irin damun da aka saba. Kuma a bar mai kula da gangar ya ci gaba da zama a cikin ginin.

"Sake karanta layin ƙasa."

Na sake.

Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Ya je taga ya tsaya ya ba ni baya, ya daɗe yana goge tabarau.

"Wato umarni ne," ya ce. "To. Ba a musu da umarni."

Gutsuren ya dawo a ƙarshen bazara. Layi ɗari da arba'in da uku. Yana cikin akwatin gilashi a ɗakin masu gadi, kusa da hoton, wanda yanzu aka rubuta masa shekararsa ta gaskiya. In baƙi sun zo Kaka yakan nuna musu layuka shidan nan masu duhu, ya ce shi ya ba da umarnin a kankare bututun don a yi bincike. In Inna tana wurin takan bari ya gama, sannan ta tambaye shi ko zannuwan gadon sun fita da wanki.

Ba su fita ba. Biyu suna kan gadona, da jan bulo a gefe.